Rishon Ruwan Jego

Lome, watan Afrilu 1999

Zuwa ga Mushe Kailu, tsohon malamin boko, ubangidana na ƙarya, mai gemun bunsuru.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da duk mai cin tuwon gidanka, idan har ana tuƙa shi. Yaya ƙafar nan taka? Ni lafiya lau, sai ciwon baya na zaman rumfa. Mun ji sojoji sun sake karɓar mulki a Yamai, an ce har an rufe iyaka. Allah ya kyauta. Ka ba ni labari. Wannan takarda zan ba direban motar albasa, duk ranar da aka bar su suka wuce.

Ga watan cika-ciki ya kama. Ka san taubashiyarka ba ta mantuwa: ni ɗiyar gwaggonka ce, kyautar shara haƙƙina ce a kanka kowace shekara, ko kana so ko kana ɓata rai. Amma bana ba ita kaɗai ta sa na ɗauki biro ba.

Ka tuna rishon da na aiko wa Hajara da kaka, mai ruwan zinariya, wanda ake buga wa iska kafin ya kama? Ina so ka maido mini da shi. Kamfanin da ya shigo da su ya sa an yi sanarwa a rediyo, an kuma manna takardu a kasuwa, cewa waldar tankin ba ta da kyau. Wai idan aka ɗora masa tukunya mai faɗi, wuta ta daɗe tana ci, zafin yana komawa ƙasa, tankin ya buɗe, kalanzir ya watsu da wuta a kan wanda ke kusa. Sun ce kowa ya kawo nasa a ba shi wani.

Kada Hajara ta kunna shi. Ka sa shi cikin kwalinsa ka ba direban nan. In ka ga dama ka cika sauran wurin da cuku, don kada ya yi ta kaɗawa a hanya.

Baiwarka da ta fi ƙarfinka,
Salamatu

*

Filinge, watan Mayu 1999

Zuwa ga Salamatu, baiwar gidanmu da ta gudu bakin teku.

Takardarki ta iso tana warin albasa. Muna lafiya gwargwado. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, ta riga kowa sanin ranar da hadari zai taso. Hajara tana gaishe ki. Zafin bana ya yi tsanani, rijiyoyi sun yi ƙasa, mata sai ƙara wa guga igiya suke.

Kin nemi labarin sojoji. Ba ni da shi. Na sha ganin irin wannan safiya: kiɗan soja a rediyo, sannan wata murya ta ce ta zo ceton ƙasa. Ta farko ta same ni ina darektan lakwal, da alli a hannu da fari a zuciya. Ba a jima ba aka sallame ni, don na rubuta abin da idona ya gani. Yaran da na koya wa riƙon biro su ne yau ke wuce ni cikin mota, su ɗaga mini yatsa biyu ta gilashi. Tun lokacin na daina gyara zama idan rediyo ta yi magana.

Sai maganar risho. Salamatu, na jinjina miki, bana kin yi ƙoƙari. Shekaran bara kin rubuto cewa ɓarayi sun kwashe rumfarki, na aika miki turmin zane, sai ga hotonki kin ɗaura shi a gaban rumfar cike da kaya, haƙora a waje. Bara kin ce likita zai yanke miki ƙafa. Bana kuma, daidai watan shara, sai ga kamfani mai tsoron Allah.

Ki gaya mini, tun da aka haife ki, yaushe kika ji wanda ya sayar mana da kaya ya dawo ya ce mu yi haƙuri, kayan ba su da kyau? Maganin da kwanansa ya ƙare, nan ake kawo shi. Motar da aka hana hawa a can, nan take zama sabuwa. Mu ne ƙarshen hanya, kuma ba a taɓa biyo mu da ban-haƙuri ba. Da kin ce aljani ne ya shiga rishon, da na fi saurin yarda.

Ban da haka, ki yi tunani. In shiga ɗakin Hajara in ce mata Salamatu ta aiko a karɓi abin da ta ba ki? Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa mun yi faɗa, kin yanke zumunci. Ranar da ya iso, mata har daga bayan kasuwa suka zo kallo. Yana can a kan jeren kwanoninta, cikin kwalinsa, kamar alƙali. Ba ta taɓa kunna shi ba, ta ce tuwon da ba a yi da itace ba ba ya riƙe ciki.

Ga shararki nan, cuku da garin kuka, na ba direba. Ki ci ki rufe baki sai baɗi. Ki fara shirya ƙaryar baɗi tun yanzu, amma ki rage mata gishiri.

Ubangidanki,
Kailu

*

Lome, watan Yuni 1999

Yaya Kailu,

Ina gaishe ka, ina gaida Hajara. Ina lafiya. Ka duba yadda na kira ka. Tun muna yara ban taɓa ce maka Yaya ba. Ka duba takardar nan daga sama har ƙasa, ba za ka ga wasa ko ɗaya ba.

Amsarka ta daɗe a hanya, motar ta lalace a Gaya. Da na karanta sai na zauna a ƙasa. Laifina ne da na haɗa maganar da shara, bakina ya saba. Amma na rantse da Allah ba ƙarya na yi ba.

Akwai maƙwabciyata a unguwar Zango, Hadiza, mai saida dafaffen wake. Tare muka sayi rishon, ita ɗaya ni ɗaya, nawa na aiko muku. Ta ji sanarwar kamar yadda na ji, ta ce sai ta gama cinikin sati za ta kai. Ranar Laraba da hantsi tana durƙushe tana gyara tukunya abin ya buɗe. Ni na fara isa, ni na lulluɓe ta da bargo. Ba zan rubuta maka abin da na gani ba. Ta yi kwanaki a gidan likita tana kiran ruwa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ta bar 'ya'ya uku.

Ban san ko kamfanin yana tsoron Allah ba. An ce a wata ƙasa aka kai su ƙara, shi ya sa. Ba ruwana da dalilinsu. Ni dai hannuna ne ya ɗauki abin nan ya aika gidanka.

Ka ce Hajara ba ta kunna shi. Yanzu damina ce, Yaya. Ranar da itace ya jiƙe, baƙi suka sauka, za ta tuna da shi. Ba sai ka maido ba ma. Ka ɗauke shi ka huda tankin da ƙusa. Idan unguwa za ta ce na yanke zumunci, ta ce. Ka rubuto mini da hannunka cewa ka yi.

Salamatu

*

Filinge, watan Yuli 1999

Salamatu,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro. Allah ya jiƙan Hadiza, ya raya abin da ta bari. Na yarda da ke. Ki karanta wannan a zaune.

Ina gama karanta takardarki na ɗauki ƙusa da guduma na shiga ɗakin Hajara. Tana tankaɗe. Na miƙa hannu na sauko da kwalin, sai na ji ba nauyi. Na buɗe: tsofaffin zannuwa ne a ciki, an ninke su da kyau.

Na ce, "Ina risho?"

Ta ce, "Mi ya kai namiji jeren mace?"

Na ce, "Hajara, ina risho?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Sai na karanta mata labarin Hadiza. Rariyar ta tsaya. Ta ce, "Shina wurin Habsatu."

Kin san Habsatu, matar mai shagon bakin kasuwa, ƙawar bikinta. Kin kuma fi ni sanin yadda bikinku na mata yake: wadda ta kawo miki gudummawa ranar hidimarki, ranar tata sai kin kai abin da ya fi. Ashe da sanyin bana, da Habsatu ta aurar da ɗiyarta, Hajara ta rasa abin kaiwa, ta zare rishon ta kai, ta bar kwalin a sama don kada ni da ke mu sani. Na ce mata me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "In gaya maka ka ba ni mi? Da takardunka zan tahi gidan biki, Mushe? In karanta musu?"

Na ce ta je ta karɓo. Ta ce gara a binne ta da rai. Sai na tafi da kaina.

Habsatu ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, muka yi gaisuwa har ta ƙare muka sake wata. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai fuskarta ta rufe. Ta ce, "Ashe Hajara aro ta ba ni. Da ta faɗa, ai da na riƙe shi da kyau." Na ce ba haka ba ne, abin kisa yake yi. Ta ce, "Kayan Lome guda? Mushe, in talauci ne ku faɗa, ba abin kunya ba ne." Na haɗiye wannan, ban san ina da maƙogwaron haɗiye irinta ba. Na ce ta nuna mini shi kawai, in huda, ta riƙe abinta tana kallo.

Nan ta fito da gaskiya. Ita ma ba ya wurinta.

Akwai wata Bafulatana, Umma, matar Sambo, da ke kawo mata nono da rani, sun ƙulla ƙawance. Ɗiyar Umma, A'isa, tana da cikin fari, ta dawo gidan iyayenta goyon ciki. Habsatu ta ba Umma rishon don ruwan jego. Ta ce haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina, ba busasshen itace, ga shi mai jego sai an tafasa mata ruwa safe da yamma har ta yi arba'in.

Ki auna, Salamatu. Babbar tukunya mai faɗi. Wuta ta daɗe tana ci. Cikin bukkar ciyawa, da mai jego da jariri. Duk abin da sanarwarku ta ce kada a yi, shi aka tanadi abin nan ya yi. Masu kamfanin suna zaton wanda ya saya shi ke riƙe da kaya. Ba su san cewa a nan abu mai kyau ba ya kwana biyu a hannu ɗaya ba.

Su Sambo sun tashi da shanu tun farkon ruwa, an ce suna gabas da Sanam. Habsatu ta ce cikin ya tsufa. Na je wurin jandarma, suka ce yanzu ƙasa na cikin wani hali, ba su da man mota na bin risho. Gobe akwai motar kasuwar Sanam. Zan shiga.

Kailu

*

Lome, watan Agusta 1999

Yaya Kailu,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiyar kirki, abinci ba ya shiga. Tun takardar da ka ce za ka shiga motar Sanam ban sake jin komai ba. Duk motar albasa da ta iso sai na je tasha, har direbobi sun fara kauce mini.

Na karanta takardarka har ta yage a ninki. Ka ce "ki karanta a zaune". Na fara tunanin ko ka riga ka san wani abu ne kake jan ni a hankali. Idan abin ya faru, ka faɗa mini kai tsaye. Kada ka tausaya mini da shiru. Kuma da wannan ƙafar ka shiga daji? Idan ba ka iya rubutu, Hajara ta sa wani ya rubuto.

Salamatu

*

Sanam, watan Satumba 1999

Salamatu,

Ina raye, ina gaishe ki. Ba wanda ya ƙone. Na sa wannan a farko don ki iya karanta sauran. Ban ɓoye miki komai ba a waccan takarda, kuma shirun ba na tausayi ba ne: ina wurin da ba mai zuwa kudu. Taki ma sai jiya Hajara ta aiko mini da ita.

Daga Sanam amalanken jaki na hau, muka yi ta tambayar ruga ruga har muka same su a wani tudu. Sambo dattijo ne mai natsuwa, ya sauke ni da mutunci, aka kawo nono mai ɗumi. A'isa ba ta haihu ba tukuna. Na gan ta daga nesa, tana tafiya tana riƙe da ƙugu.

Na yi musu bayani da Hausa a hankali, na karanta musu takardarki. Sambo ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mushe, abin nan ko kunna shi ba mu iya ba. Umma ta zuba mai, ta kai ashana, ya ƙi. Mun ce in lokaci ya yi a nemi wanda ya sani a Sanam." Umma kuma ta ce, "Habsatu ce ta aiko ka?" Na ce a'a. Ta ce, "To kai wa ya ba ka shi da za ka karɓa?"

Nan na yi abin da malamin lakwal zai yi. Na ce tunda ba su yarda da baki ba, su gani da ido. Na sa aka fito da shi fili, nesa da bukkoki da maruƙa. Na cika tanki, na ɗumama kan, na buga iska, na kunna. Na sa aka ɗora babbar tukunyar wankan, na kori kowa baya, na ce su zuba ido.

Salamatu, ban taɓa ganin wuta mai kyau irin wannan ba. Shuɗiya, ba hayaƙi, tana huci a hankali. Ruwa ya tafasa. Na sa aka juye aka sake cikawa, ya sake tafasa. Tun hantsi har rana ta karkata ina tsaye a kan ƙafar nan ina jiran abin ya fashe. Ni da na zo hana gobara, na wuni ina roƙon Allah ya kawo ta. Mata suka fara matsowa da ƙoransu suna ɗibar ruwan zafi. Har man ya ƙare, wutar ta mutu da kanta, ba abin da ya faru.

Sai Umma ta zo ta durƙusa kusa da shi, ta kama sandar iskar, ta buga ta daidai yadda na yi. Ta ce, "Ashe haka ake yi. Sai an ɗumama kan tukuna. Allah ya saka maka, Mushe."

Ashe duk wunin nan hannuna take kallo. Na taso tun daga Filinge na koya musu kunna shi.

Na ce wa Sambo wannan bai fashe yau ba, amma zai iya fashewa gobe, na Hadiza ma ya yi watanni yana aiki. Ya ce, "Kowa ma zai iya mutuwa gobe." Na ce ya ba ni shi in ba shi rediyona. Ya ce, "Kyautar Habsatu ce ga Umma. Ba a musanya ta. In na ba ka, da wane ido Umma za ta dubi ƙawarta?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Yana magana da ni kamar yadda ake yi wa marar lafiya.

Muna cikin haka A'isa ta zo. Yarinya ce mai kunya, ba ta ɗaga ido ba. Ta sa bakin zanenta ta goge masa baƙin tukunya har ya koma yana ƙyalli, ta rungume shi a kan cikinta, ta shiga da shi bukka. Ta ƙofar na hango ta ajiye shi a gindin gado, inda ciyawar bukkar ta sauko har ƙasa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga bukkar matar mutane, ni da na shekara sittin da wani abu ban taɓa tsallake zauren wani ba sai da sallama. A'isa ta yi ƙara. Na fito da shi, na ga taɓarya jingine da turmi, na ɗauka. Ban daina dukansa ba sai da tankin ya baje kamar faifai.

Mazan rugar suka taso da sanduna. Sambo ya ɗaga hannu, suka tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ka sha nonon shanuna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da sun buge ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kai magana gaban arɗonsu. Ya ce shiga bukka, sun bar ni da Allah da furfurata. Amma tunda na fasa abin da za a dafa ruwan jego da shi, busasshen itace yana kaina har A'isa ta yi arba'in. Na ce na karɓa. Tun da nake, wannan ne hukuncin farko da aka yanke mini na ga adalcinsa.

A'isa ta haihu bayan sati, namiji, an sa masa Manu. Ina zaune a zauren wani limami a Sanam. Na saida rediyon. Ina bin manoma ina sayen ginshiƙan tsofaffin rumbuna, su kaɗai ne busassu a wannan wata, ina faskarawa, amalanke na kaiwa. Umma tana karɓa, ko gaisuwa ba ta aikowa.

Kailu

*

Lome, watan Oktoba 1999

Yaya Kailu,

Alhamdu lillahi. Na yi sadakar waina a ƙofar masallaci, na kuma ci abinci har na ƙoshi. Yaya ƙafa, yaya hannu da faskare?

Na je ofishin kamfanin. Sun ce in an kawo rishon, ko fasasshe ne, za su ba da sabo, mai tanki na daban. Ka aiko da guntayen, in karɓa in aiko a kai wa A'isa, ko zuciyar Umma ta yi sanyi. Na tambaye su ko sun aika sanarwa arewa. Wani jami'insu mai taye a wuya ya ce su a nan suka sayar, ba su da labarin abin da ya ƙetare iyaka.

Ka gaya mini gaskiya, yaya Hajara? Zan rubuta wa Habsatu da kaina in ce daga gare ni abin ya fito. Ka yafe mini, Yaya. Na so in faranta wa matarka rai ne kawai.

Salamatu

*

Filinge, watan Janairu 2000

Salamatu,

Muna lafiya. Na dawo gida tun bayan girbi, amma ƙafa ta kwantar da ni, shi ya sa kika ji shiru. Yanzu ina takawa da sanda. Sojoji sun miƙa mulki, an yi zaɓe, an yi kiɗa a filin gari. Ban fita ba. Ba ni da rediyo, kuma ban ji na rasa komai ba.

Ba abin da zan yafe miki. Kada ki aiko da sabon risho. Ba wanda zai karɓi abu daga hannuna a rugar nan, ni ma ba zan ɗauki abin da ban san cikinsa ba in kai wa mutane don wani mai taye ya ce wannan karon ya gyara. Guntayen kuwa, maƙerin Sanam ya daɗe da narka su.

A'isa ta yi arba'in lafiya, ta koma ɗakin mijinta da ɗanta a baya. Su Sambo sun sauko kusa da gari kamar kowane rani, amma Umma ta canja hanya, ba ta bi ta ƙofarmu da nono. Takardarki ta isa wurin Habsatu. Ta ce taubasai ne, sun haɗa baki. A kasuwa kuwa an gama magana: karatu ne ya taɓa kan Mushe Kailu, ya bi kyauta har daji, ya kunna ta da hannunsa, ya ga ta fi ƙarfinsa da kyau, ya fasa. Duk wanda ya ba da labarin yana ƙarewa da cewa ai ba ta fashe ba. Gaskiya ne. Ba ni da abin nunawa sai yarinya mai lafiya da jariri mai lafiya, su kuma kowace ruga akwai irinsu.

Kin tambayi Hajara. Ita ta fi kowa biya. An yi suna biyu da aure ɗaya a unguwa ba a aiko mata goro ba. Shekara talatin tana ƙulla bikin nan, na warware shi da taɓarya a wuni ɗaya. Tun da na dawo ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ta ajiye tuwo, ta ɗauke kwano.

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a inuwar zaure, ta zo ta tsaya a kaina. Ana kiɗan biki a gidan Habsatu, muna ji. Sai ta ce, "Mushe, tsakaninka da Allah. Da ka bar shi, zai fashe?"

Na so in ce mata i. Na san shi take bukata, ko don ta samu abin riƙewa. Na ce, "Ban sani ba, Hajara. Kuma ba zan taɓa sani ba."

Ta dubi wajen da kiɗan ke fitowa. Ta ce, "Wadda ta sani, an binne ta a Lome."

Sai ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni, muka saurari kiɗan har aka kira magariba.

Ki gaida 'ya'yan Hadiza. Allah ya tsare ki, ya sada mu da alheri.

Ɗan kawunki,
Kailu